Sharhi: Jar fatar Sakkwato ta cancanci zaure na musamman a gidan tarihi

A birnin Landan akwai gidan tarihi na Victoria and Albert, wanda aka kafa a 1852 domin adana kayan ado da na sana'ar hannu daga sassan duniya: darduma, tangaran, tufafi da littattafai masu bangon fata. Manufarsa tun farko ita ce masu sana'a na Ingila su gani, su koya, su inganta aikinsu. Sakkwato ma tana bukatar zaure irin wannan.

Shekaru aru-aru, fatar jar akuyar Sakkwato tana ratsa hamadar Sahara bisa raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta tsallaka Turai. Da yake ta hannun fataken can take isa, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Majema ne suka jeme ta da bagaruwa, suka rina ta da karan dafi, amma sunan ya tafi wata ƙasa.

Ayarin da ya kai fata ba ya dawowa hannu rabbana. Yana zuwa da alkyabba, jar dara, takarda, tsakiya da turare. Ko Baturen nan Hugh Clapperton, da ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, da tsaraba ya zo. Ke nan kayan ado na ƙetare sun daɗe da zama wani ɓangare na tarihin garin.

Ba sai an fara daga tushe ba. Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana adana rubuce-rubucen magabata da kayan tarihin Daular Usmaniyya. Abin da ya rage shi ne a ware zaure guda, a jera aikin dukawa, masaƙa da maƙera kusa da takwarorinsu na Fas, Tarabulus da Masar, tare da bayani cikin Hausa, da boko da ajami.

Wani zai ce a lokacin da ake fama da matsalar tsaro da tsadar rayuwa, gidan tarihi ba shi ne abin gaggawa ba. Gaskiya ne akwai buƙatu masu nauyi. Sai dai wannan magana ce ta abinci. Har yau ana fitar da fatar Najeriya zuwa Italiya da Sifaniya, a mayar da ita jaka da takalmi masu tsada, alhali baduku a gida yana gogayya da kayan roba masu araha. Yaron da ya ga inda aikin kakanninsa ya kai, zai fi son zama ya koya.

Ya kamata gwamnatin jiha, Majalisar Sarkin Musulmi da Jami'ar Usmanu Danfodiyo su haɗa hannu su tattara tsofaffin kayan da ke ɗakunan jama'a, su kuma naɗi bayanan dattawan majema da dukawa tun suna raye. Kayan da gara ta ci, da ilimin da aka binne da mai shi, ba su dawowa.