Raƙuman dawan Nijar: makomarsu na hannun manoma

A shekarar 1996, raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yammacin Afirka, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Yau sun haura 600. Kuma ba a cikin shinge suka farfaɗo ba, a tsakanin gonakin gero da wake ne.

Da damina suna kiwo a kan tudu. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Bosso neman gawo, itacen nan da manoman Ɗambatta da Bichi suka sani sarai, mai kaɗe ganye da damina ya yi kore shar da rani. Duk gawon da aka sare, abincinsu na rani ne ya ragu, sai su koma kan wake da mangwaron mutane. Manomin da aka yi wa ɓarna kuwa ba ruwansa da ƙididdigar masana.

Haihuwarsu ma ba ta sauri: ciki wata 15, ɗa guda. Annoba ɗaya za ta iya rushe aikin shekara 30, shi ya sa a 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi.

Sai dai tun harin Agustan 2020 da ya hallaka Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure, masu yawon buɗe ido suka ja baya. Kuɗin da ke sa mutanen ƙauyukan haƙuri da ɓarnar ya ragu.