Tsohon Rufin Siminti da Ƙurarsa: Zancen da Ya Shafi Ibohaman

Mafi yawan gidajen Ibohaman na laka ne, da azara da zana, shi ya sa mutum zai ce zancen asbestos, wanda Faransawa ke kira amiante, na manyan birane ne. Ni kam ina ganin namu ne. Ma'adini ne mai siraran zaruruwa, ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa. Iri shida ne, amma uku aka fi aiki da su: fari, ruwan ƙasa da shuɗi. Farin ne ya mamaye kasuwa, shi ake cuɗawa da siminti a yi rufi mai tudu da kwari, launin toka, da allon silin da bututun ruwa, har a birkin tsofaffin motoci ana samunsa. Wanda ya rufa ɗaki da shi zai gaya maka ya fi tol sanyi a watan bazara, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Matsalar tana cikin ƙurar. Duba bakin fallen da ya karye, za ka ga wasu zare-zare kamar gashin masara. Magini ya sa zarto, farar ƙura ta hau girarsa da rigarsa, ya dawo gida, uwargida ta kakkaɓe rigar kafin wanki, yara na gefe. Zaren da ya shiga huhu ba ya narkewa, kuma ciwon kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana: tari, sarƙewar numfashi, sankarar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk irinsa na kawo sankara, har farin, kuma sama da mutum 200,000 ke mutuwa kowace shekara saboda shaƙarsa a wurin aiki. Faransa ta haramta shi a 1997, Afirka ta Kudu a 2008. Samarin yankinmu na Adar da ke ci-rani a Abijan da Legas da Libiya, wasunsu leburancin gini da rusau suke yi, kuma tarkacen rusau kan koma kasuwa a sayar da araha.

Za a ce masassarar cizon sauro da ƙarancin cimaka sun fi gaggawa. Haka ne, sai dai wannan rigakafin bai cin kuɗin magani ko na hatsi. Wani kuma zai ce to a ɓamɓare duk rufin da ake zargi. A'a, nan ne ma haɗarin ya fi yawa, domin fallen da ke zaune lafiya bai cika sakin ƙura ba sai an huda shi ko an fasa. Abin da nake nema ga hukumomin gari shi ne a zaga tsofaffin azuzuwan lakwal da likita da ofisoshi a rubuta masu irin wannan rufi, a kuma tara magina a faɗa musu da Hausa: a jiƙa falle kafin a taɓa, kada a yanka, kada a share ƙurar da tsintsiya, a binne ɓaraguzan nesa da rijiya da wurin wasan yara. Gidajen rediyon gari na Keita, Buza da Madawa su maimaita saƙon bayan girbi, kafin 'yan ci-rani su hau mota.