Dutse Mai Hawa-Hawa da Mahaƙin Rijiya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya ana cikin haƙa ta a ƙasar Sakkwato ko Barno, ya ga abin da gugan mahaƙa ke fitarwa. Da fari jar ƙasa, sa'an nan yumɓu, can kuma sai rairayi fari tas, a ƙarƙashinsa wani yumɓun baƙi mai santsi. Mahaƙi yakan ce ƙasa tana da hawa-hawa. To, maganarsa daidai take da ta masana ilimin duwatsu, illa su sun bi sawun abin har asalinsa.

Dutse iri uku ne a wurinsu. Akwai wanda ya narke a cikin ƙasa ya huce ya daskare, kamar Kufena ta Zariya. Akwai wanda zafi da danniya suka sāke masa kama. Na uku shi ne namu na yau, watau kwantaccen dutse, wanda aka shimfiɗa shi hawa bisa hawa. Shi ne ya rufe wajen kashi uku cikin huɗu na doron ƙasa, ko da yake ɓawo ne kurum a bisa sauran.

Ga yadda yake samuwa. Rana ta gasa falalen dutse, dare ya sanyaya shi, ruwan sama ya shiga tsaguwarsa, har ya riƙa marmashewa. Damina ta kwashi garin ta zuba a rafi, rafi ya miƙa wa kogi. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi yana ɗauke da kome, amma da zarar ya lafa sai ya fara sauke kaya: tsakuwa tukuna, sa'an nan rairayi, laka kuwa ba ta kwantawa sai inda ruwa ya tsaya cik. Kowa na iya gwada wannan da kwalba, ya zuba ƙasa da ruwa ya girgiza, ya ajiye ta kwana. Shekara bisa shekara sabon kaya na danne tsoho, nauyi ya matse ruwan da ke ciki, ma'adinan da suka narke a ruwa su liƙe ƙwayoyin kamar siminti. Bayan dubban dubban shekaru, abin da dā ake dumbuza da hannu sai an sa masa guduma.

Kashin farko na wannan dutse, ɓarɓashin wasu duwatsu ne, kuma da girman ƙwaya ake raba shi. Abin da ya wuce milimita 2 tsakuwa ce, in ta haɗe ta zama dutsen tsakuwa. Ƙasa da haka rairayi ne, shi ke ba da dutsen yashi irin na tsaunin Bima a ƙasar Gombe. Wanda ido ba ya iya rarrabe ƙwayarsa laka ce, dutsenta yakan ɓare falle-falle kamar takarda.

A nan ne maganar ta shafi tukunyar kowa. Dutsen yashi yana da ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, yana shan ruwa ya riƙe kamar soso. Dutsen laka kuwa ba ya barin ruwa ya wuce. Idan yashi ya kwanta tsakanin laka biyu, ruwan cikinsa a matse yake, shi ya sa rijiyoyin burtsatse da aka haƙa a Barno a shekarun 1950 da 1960 suka riƙa tumbatsa da kansu ba famfo. An bar da yawansu suna kwarara dare da rana, ƙarfinsu kuwa ya ragu ƙwarai, wannan kam sakaci ne namu. Kano da Zariya da Kaduna su ba su sami wannan gata ba, gama a kan tsohon dutse mai tauri suke zaune, ruwa sai a ruɓaɓɓen samansa ko cikin tsaga. Na san wani ƙauye a wannan yanki da suka yi karo-karo suka kira masu injin, aka huda wuri biyu ba ɗigo, don ba wanda ya auna ƙasar kafin a fara. Kuɗin awon bai kai ushirin abin da suka zubar ba.

Kashi na biyu ba ɓarɓashi ba ne, abin da ruwa ya narkar ne ya bari bayan ya ƙafe. Gishirin Bilma da kanwar yankin Tabkin Cadi ta haka suke fitowa, kuma fataken Hausa sun daɗe suna cin abinci da su.

Na uku daga masu rai yake. Kwal ɗin da aka gano kusa da Inugu a 1909 tsire-tsiren fadama ne da aka binne ba su ruɓe ba. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne dutsen farar ƙasa na Kalambaina, inda aka fara yin siminti a 1967. Ku tsinci gutsurensa ku duba, sau da yawa za ku ga siffar katantanwa da ƙumba a jikinsa, kuma in kun daka shi kun ɗiga lemun tsami zai yi ƴan kumfa. Ɓawon halittun teku ne. Wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi ya ratso ta Mali da Nijar ya malale ƙasar Sakkwato, kuma a wajajen Wurno da Dange an tono ƙasusuwan kada da kunkurun ruwa da haƙoran manyan kifaye. Simintin Ashaka ma, da aka fara a 1979, daga irin wannan dutse yake, na wani tekun da ya shigo ta kwarin Binuwai.

Aikin bai tsaya ba. Jan ruwan da ke bin Kwara da Binuwai kowace damina ƙasar gonakinmu ce take tafiya, tana kwantawa a bakin teku, inda kaurin lakar ya wuce kilomita 10 a waɗansu wurare. A cikin yashin wannan tarin ne aka sami man fetur a Oloibiri a 1956, dutsen laka na bisansa ya toshe shi bai tsere ba.