Ƙwallo a Tafin Hannu, Giɓi a Sahun Salla



Ya kai ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka, ara mini hankalinka kan wani baƙo da ya shigo mana gida ba sallama. A da, mai son kallon ƙwallo a nan Guci sai ya taka zuwa gidan kallo, ya biya kuɗinsa, ya zauna kan benci. In injin wuta ya mutu, kowa ya kama gabansa. Yau kuwa filin wasan yana cikin aljihunka. Da salula da ɗan kuɗin intanet, in rezo ya yi kyau, ga Ingila ga Sifaniya a tafin hannunka, ko kana kan hanyar Dungas, ko kana kasuwar Magarya, ko kana kwance a ɗakinka. Gidan kallo yana da ƙofa da lokacin rufewa. Salula ba ta da mai gadi sai kai.

Kada ka zaci zan ce maka kallon wasa haramun ne. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana kallo a bayan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu ma mutanen kokowa ne. Tun 1975 da aka fara gasar Takobi a Tawa ake taruwa a kanta, kuma mun yi murna da Mena ta je gasar kofin Afirka karon farko a 2012. Abin da nake jiye maka shi ne lokaci.

Ka sani waɗanda suka tsara waɗannan wasanni ba su duba jadawalin sallarmu ba. A watannin sanyi, wasannin Asabar na Ingila da ake farawa ƙarfe 3 na rana agogonsu, ƙarfe 4 ne a nan, daidai lokacin da ake tsayuwar La'asar. A watan Satumba da Oktoba, wasan farko na gasar Zakarun Turai yana farawa ƙarfe 6 saura kwata agogonmu, sai ladan ya kira Magariba ba a tafi hutun rabin lokaci ba. Za ka ce ai in an tafi hutu za ka yi sallarka. To ka tuna abin da muka karanta a fiƙihun Malikiyya: a mashhurin zance, zaɓaɓɓen lokacin Magariba gwargwadon yin tsarki ne da yin sallar bayan faɗuwar rana. Ko ka samu lokacin ma, jam'i ya wuce ka, kuma salla ce za ka yi zuciyarka tana wurin mai tsaron gida.

Sai kuma dare. Wasan ƙarfe 9 ba ya ƙarewa sai wajen 11, in aka yi ƙarin lokaci da bugun fanareti, sai a doshi tsakar dare. Wanda ya zarce ga ƙwallon kwando na Amurka, inda har jami'o'i suke da tashoshin nuna wasannin ɗalibansu, wasan ƙarfe 8 na dare a birnin New York ƙarfe 2 na dare ne a nan a lokacin sanyi. Wa zai tashe shi Asuba? Ka dubi sahunmu washegarin babban wasa, ka ƙirga samarin da ke ciki, kai ma ka ba kanka amsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Tare da wasan ake nuna maka tallar caca, a jikin riguna da gefen fili, a ce ka zuba kaɗan ka kwashi da yawa. Allah ya haɗa caca da giya wurin hani a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma sauya mata suna bai sauya hukuncinta ba. Jikar da ta tafi can, haƙƙin cefanen iyalinka ce.

Saboda haka ga shawarata. Kafin ka kunna wasa, duba lokacinsa ka gwama da na salla. In sun ci karo, ka riga ka san wanda za a jinkirta. Ƙwallon da aka ci kana sujada, za ka same shi an maimaita shi sau goma bayan ka sallame, amma raka'ar da ta kuɓuce maka tare da liman ba mai dawo maka da ita. In ka shigo masallaci, kashe salular gaba ɗaya, kada ka leƙa sakamako tsakanin kiran salla da iƙama. Ka yanka wa kanka lokacin kwanciya. In kana da gidan kallo, rufe akwatin idan an kira salla. Arzikinka ba zai ragu da minti goma ba. In kuwa kai uba ne, ka sani ɗanka ɗan kwaleji ba nasiharka yake kallo ba, ƙafarka yake kallo: ranar da ya ga ka miƙe ana tsakiyar wasa ka ɗauki buta, ya samu darasin da ba zai manta ba.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya sanya albarka a lokutanmu, ya cika sahunmu da mu da zuriyarmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.