Ƙusa Ba Ta Fin Bangonta Ƙarfi

Makonni uku da suka wuce na je suna a Ɗanzomo, cikin ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, gidan wani ƙanena da Allah Ya azurta da ɗa namiji. Bayan an shafa fatiha jama'a sun watse, muna zaune a zaure sai muka ji rugugi daga cikin gida, salatin mata ya biyo baya. Talabijin ɗin bango ce da ya sayo wa mai jego a Gumel ta taho ƙasa, da maratayinta da ƙusoshinta huɗu da ɓallin filasta. Tazarar da ke tsakanin inda ta faɗi da shimfiɗar jaririn ba ta kai kamu biyu ba. Allah ne Ya tsare.

Ƙanena yana ta rantsuwa yana cewa, "Wallahi Yaya, ƙusar kankare na saya, mai tsadar." Na ɗauki ƙusoshin na duba, ko lanƙwasa ba su yi ba. Bangon ne ya sake su, domin ginin ƙasa ne aka yi wa filastar siminti ta waje. Ido ya ga siminti, amma ƙusa ƙasa ta tarar.

Wannan ya tuna mini da kakarmu, Allah Ya ji ƙanta. Ban taɓa ganin ta ɗora wa bango nauyi ba. Ƙwaryar nono da tukunyar man shanu a ragaya suke, ragayar kuma a azara take ɗaure, domin azara ce ke ɗauke da rufin ɗakin gaba ɗaya. Bango kuwa faifai da tasbaha kawai take rataya masa. Mu da muka biyo baya mun sauya gini, mun sauya kayan ɗaki, sai dai ba mu ɗauki wannan ilimi na tambayar abin da zai riƙe nauyi kafin a rataya ba.

A yau daga Gumel zuwa Gagarawa iri uku na bango muke zaune a ciki, kowanne da abin da yake karɓa.

Na farko ginin ƙasa. Ƙasar yankinmu rairayi ya yi mata yawa, ba ta damƙe ƙarfe. Kalanda ko ƙaramin agogo za su zauna a doguwar ƙusa idan an kafa ta a karkace, kanta na kallon sama. Abin da ya fi wannan nauyi yana bukatar turken ice mai ƙwari da aka nutsa sosai aka yaɓe, a riƙa kuma duba shi saboda gara da laimar damina. Talabijin kuwa, a ginin ƙasa teburi ne mazauninta.

Na biyu bulon siminti, mai inci 6 ko inci 9. Cikinsa rami ne, kuma ba kowane mai buga bulo ke ba siminti haƙƙinsa ba. Dukan ƙusar kankare da guduma yakan farfasa gefen ramin, ƙusar ta zauna tana rawa. Abin da ya dace shi ne a huda da injin huda, a cusa robar nan da kafintoci ke kira fisha, sannan a ɗaura sukuru. Sunan ya samo asali ne daga wani Bajamushe, Artur Fischer, wanda ya ƙirƙiro ta a 1958. Aikinta shi ne ta buɗe yayin da sukuru ke shiga, ta cije bangon ta kowane gefe. Sharaɗinta guda: ramin ya zo daidai da kaurinta. Idan ka huda ka ga yashi na zubowa kamar gari, bulon ba shi da ƙwari. A nan sai a nemi dogon noti da zai ratsa bangon ya fita ta baya, a tare shi da faffaɗan ƙarfe.

Na uku shi ne baƙon da ya shigo mana daga birane: silin POP da allunan jifsam da ake raba ofis ko shago da su. Turawan Amurka sun fi shekara 100 suna gini da irin wannan allo. Kaurinsa bai cika wuce milimita 12 da ɗoriya ba, bayansa kuma fili ne, sai ƙarafa ko katakai da aka jera tazarar santimita 40 ko 60. Ƙusa a jikinsa kamar tsinke ne a cikin alli. Hoto mara nauyi ana iya rataya shi da sukuru mai fukafukai, wanda ke buɗewa a bayan allon ya rarraba nauyin. Abu mai nauyi kuwa dole a nemi ƙarfen baya, ta hanyar ƙwanƙwasawa ko jan maganaɗisu. Fankar sama kuwa, kada a yarda a ɗaura ta a silin. Ƙugiyarta a katakon rufi ko rodin dakin ya kamata ta kasance.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Duk abin da ya turo daga bango, kamar fankar bango ko talabijin mai hannu, fizgo ƙusar sama yake yi waje, fanka kuma tana girgiza ta dare da rana. Sannan wayar lantarki takan bi ta sama ko ƙasan soket a miƙe, don haka ba a huda a wannan layi. Babban batirin sola kuwa, wanda kan haura kilo 50, ƙasa ce wurinsa, bisa katako.

Fisha da sukuru ba su fi ƙarfin wanda ya iya sayen talabijin ba. Ana samun su a shagunan kayan gini na Gumel, da kasuwar Maigatari ranar Alhamis, balle Ƙofar Ruwa a Kano. Abin da ke yi mana wuya shi ne tsayawa kan mai aiki mu tambaye shi: wane irin bango ne wannan, kuma me zai riƙe? Muna jin nauyin tambayar, shi kuma yana saurin karɓar kuɗinsa ya tafi.

Roƙona ga magidanta shi ne, yau da dare kowa ya ɗaga kai ya dubi abin da ke rataye bisa inda 'ya'yansa ke kwana. Ya kama shi ya girgiza. Idan ya motsa, a sauke shi kafin a kwanta. Ƙanena dai ya sayi teburi, jaririn kuma yana nan lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.