Wai Excel ya ishi ɗalibin kasuwanci?

Kowace shekara sai na ji maganar nan daga bakin ɗalibai, wani lokaci har daga bakin abokan aikina: wai wanda ke karatun kwamfuta domin harkar kasuwanci ba ruwansa da salon rubuta manhaja mai ginuwa kan abubuwa, a bar wa injiniyoyi, shi Excel ya ishe shi. Ban yarda ba. A ganina wannan ra'ayi lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Salon ya samo asali ne a ƙasar Nowe cikin shekarun 1960, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙiro harshen Simula, kuma a kansa Java da C# suka ginu daga baya. Ma'anarsa ba ta da wuya. Kowane abu a cikin manhaja yana riƙe da bayanansa, yana da ayyukan da yake yi, kuma ba mai taɓa bayanan nan sai ta hanyarsa.

Ɗan Salaga bai kamata ya ɗauki wannan baƙon tunani ba. A ƙarni na 19, lokacin da ayarin fatake ke tasowa daga Kano zuwa Salaga sayen goro, haka kasuwar take tafiya. Madugu na da aikinsa. Mai gida na saukar da baƙo, ya adana kayansa, ya tsaya masa a kan bashi. Dillali na haɗa ciniki ya karɓi la'ada. Baƙo ba ya kutsawa ɗakin ajiyar wani ya ƙirga kaya da kansa, sai dai ya tambayi mai gida. Wannan shi ne killace bayanai. Dillalin goro da dillalin shanu kuwa duk dillalai ne, sun yi tarayya a ainihin sana'a, sai dai kowa da yadda yake lissafin la'adarsa. Wannan shi ake kira gado a manhaja: a rubuta samfurin dillali sau ɗaya, sauran su gaje shi, kowa ya canza abin da ya keɓanta da shi.

Ga inda maganar ta shafi aljihu. A watan Mayun 2022 gwamnatin Gana ta sa harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, kashi 1.5 cikin ɗari, tare da yafe sidi 100 na farko a kowace rana. A Janairun 2023 aka mayar da shi kashi 1. A Afrilun 2025 aka soke shi. Doka ɗaya ta sauya fuska sau uku cikin shekara uku. Mu ɗauki misalin mai sayen doya a Yendi da ke biyan manoma ta waya, wanda wani ɗalibinmu ya shirya wa lissafi a Excel, ya rubuta adadin harajin a gurabe arba'in cikin shafuka daban-daban. Ranar da doka ta canza sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, in ya manta biyu kuma ba za a gane ba sai riba ta ƙi fitowa a ƙarshen wata. Wanda ya iya salon abubuwa zai ajiye harajin a samfuri guda mai suna Haraji, ya gyara layi ɗaya, ya tafi sallar la'asar.

A Bawku abin ya fi haka tsanani. Garin na dab da iyakar Burkina Faso da Togo, mai albasa yakan karɓi sidi da safe, sefa da yamma. Idan manhaja ta ɗauki kuɗi a matsayin lamba tsura, ba abin da zai hana ta tara sidi 500 da sefa 500 ta ce dubu ɗaya. Idan kuwa kuɗi abu ne mai riƙe da adadinsa da irinsa, sai ya ƙi haɗuwa har a faɗa masa farashin canji. Dattawan da suka ga canjin kuɗi na Yulin 2007, lokacin da tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, sun san ruɗanin da lamba marar suna ke jawowa.

Ba na raina Excel, da shi nake lissafin makin jarrabawa. Na kuma yarda zangon farko na koyon Java ko Python yana da ɗaci, kuma yawancinku ba za su ci abinci da rubuta manhaja ba. Amma ku ne za ku zauna tsakanin ɗan kasuwa da mai rubuta ta. Alhaji zai ce muku yana ba da kaya bashi, wasu na biya da kaka, wasu duk ranar kasuwa, ku kuma ku fassara wannan zuwa Abokin Ciniki, Bashi, Biya, da alaƙar da ke tsakaninsu. Wanda bai taɓa gina samfuri da hannunsa ba, duk abin da aka kawo masa zai sa hannu ya karɓa.

Saboda haka aikin wannan mako bai canza ba, duk da ƙorafin da na ji. Kowa ya je rumfa ɗaya a kasuwar garinsu, ya zauna awa biyu, ya rubuto abubuwa biyar da cinikin ke tafiya a kansu, da abin da kowanne ya sani da abin da yake yi. A kawo min a takarda, ba a kwamfuta ba tukuna.