Attajirin Kwamfuta Da Kujerar Shugaban Ƙasa

Duk sa'ad da wani hamshaƙin attajirin kwamfuta ya fara hangen kujerar shugaban ƙasar Amurka, ya kyautu a tuna masa da labarin Ross Perot, mutumin Jihar Texas.

Shi dai Perot ya kafa kamfanin Electronic Data Systems a 1962, ya sayar wa General Motors a 1984 kan dala miliyan 2,500. A zaɓen 1992 ya tsaya takara ba da sunan wata jam'iyya ba, ya kara da Shugaba George Bush da Bill Clinton. Ya sayi fili a talabijin da kuɗin aljihunsa, yana bayyana yadda bashi ya yi wa gwamnati katutu. Jama'a kuwa suka saurara, har kusan mutum miliyan 20 suka jefa masa ƙuri'a, watau kashi 19 cikin ɗari.

To, amma a can wakilai 538 daga jihohi su ke zaɓen shugaba, kuma a kusan kowace jiha wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilanta duka. Babu jihar da Perot ya zo na ɗaya, saboda haka ya tashi ko wakili guda bai samu ba. Da ya sake gwadawa a 1996, ƙuri'unsa suka zube zuwa kashi 8.

Dukiya takan sa a saurari mutum, amma jam'iyya mai rassa a kowane lungu sai an yi shekaru ana gina ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da na mai kuɗi ne.